Amsa ga ɗalibin da anka ce masa tarihin tunanin tattalin arziki tatsuniya ce

Wa alaikumus salam ƙanena, ina gajiya, ya Tawa ya zafi. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, gyaran takardun jarrabawa ne ya riƙe ni nan Yamai. Ka ce kana mastar a fannin tattalin arziki, lokacin zaɓen batun memuwar, wato kundin binciken kammala karatu, ya zo, kai ranka ya fi kwantawa ga tarihin tunanin masana su Adam Smith da Keynes, amma abokanka sun ce wannan tatsuniya ce ka kama model ɗin kuɗɗi irin su GARCH da Black-Scholes in kana son aikin banki, kuma kana tantama ko irin waɗannan model ɗin ma suna aiki a ƙasa kamar tamu da alƙaluma ke ƙaranci.

Abokanka ba su yi ƙarya duka ba. Ranar da ka je neman aiki banki ko wani asusun bada lamuni ba wanda zai tambaye ka mi Ricardo ya ce kan hayar gona, Excel za su aje maka su ce lissafa mana ko wanga ɗan kasuwa zai iya biyan bashi. Inda sunka ɓata shi ne da sunka ɗauka abu biyu ne daban. Kowane model da ka gani akwai zato a ƙarƙashinsa game da yadda mutane da kasuwa suke, kuma zaton nan yana da mai shi, yana da shekarar da anka yi shi da rigimar da ta haife shi. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗauko model ya danna maɓalli kwamfuta ta ba shi lamba, ita kuwa kamar injin niƙa take, ko tsakuwa ka zuba mata sai ta ba ka gari.

Mu fara da abin da ke ƙofar gidanka. Alhajin da ke sayen albasa a Galmi ko Tsarnawa lokacin da ake cire ta, wajen Maris da Afrilu, ya zuba cikin rudu, ma'ajin albasa, yana jiran ta yi kuɗɗi, model yake yi, a kai yake riƙe da shi kawai. Mu sauko da shi takarda, lambobin nawa ne na misali, kai za ka je ka samo na gaskiya. A ce ya sayi buhu 100 kowane jika 10, miliyan 1 kenan, zai aje wata 5. Gyaran rudu da mai gadi da yaran da ke juya ta suna tsince ruɓaɓɓu a ce jika 100. Kuɗɗin da ya zuba in bashi ne a kashi 2 cikin 100 kowane wata wata jika 100 ce, in ma nasa ne sai ka lissafa ta don da ya juya su wata sana'a da sun haihu. Duka 1,200,000. To albasa ba hatsi ba ce, tana shan iska tana raguwa, wata ta ruɓe wata ta tsiro, a ce buhu 30 sun tafi saura 70. Ka raba, sai buhu ya kai 17,143 kafin Alhaji ya mai da uwar kuɗɗinsa, riba ba ta fara ba tukuna. Yanzu ka taɓa lamba guda ka gani. In ka rage masa kuɗin ruwa da rabi, abin da yake buƙata ya sauko 16,429, sauƙin sefa 700 da ƴan kai. In kuwa zafi da laima sun ci buhu 45 maimakon 30, sai ya kai 21,818, ƙarin kusan 4,700 a kowane buhu. Ka ga ɗan lissafin nan na layi biyar har ya faɗa maka cewa mai son taimakon ƴan albasa gara ya gyara musu ma'aji mai iska da ya sassauta musu bashi, in dai lambobin gaskiya sun yi kama da nawa. Wannan shi ne model ɗin kuɗɗi, duk sauran ƙari ne a kansa.

Sai dai akwai lambar da na ɓoye, nawa buhu zai kai bayan wata biyar? Nan ne tarihin tunani yake shigowa ko ka gayyace shi ko ba ka gayyace shi ba. Kowa a Adar ya san shekarar da albasa ta yi kuɗɗi, baɗi kowa sai ya faɗaɗa fadamarsa har wanda bai taɓa noman rani ba ya ranto injin ban ruwa, kaya su cika kasuwa farashi ya faɗi, a bar ta, shekara mai zuwa kuma ta yi wuya. Nicholas Kaldor ya ba wanga juyi suna a 1934, sunan kuwa yanar gizo-gizo saboda siffar zanen, ba ta intanet ba. Zaton da ke ciki shi ne manomi farashin bara kaɗai yake kallo. A 1961 John Muth ya ce a'a, mutane ba wawaye ba ne da za su faɗa rami ɗaya kullum ba su koyi komi ba, suna amfani da duk labarin da ke hannunsu wajen hasashe, kuma daga wannan ra'ayi Robert Lucas ya gina sukar da ya yi a 1976 cewa model ɗin da anka auna da halin mutane na jiya zai iya rushewa ranar da gwamnati ta canza doka, don mutanen ma za su canza hali. To wanne ne manomin Tamaske, na Kaldor ko na Muth? Ni zatona yana tsakani, kuma mai jari ya fi kama da na Muth don yana iya jira, marar jari ko ya san farashi zai faɗi bashin taki da mai zai sa ya sayar a bakin gona. Amma zato ne, ba a auna shi yadda ya kamata ba a gabana, kuma ka ga memuwar ta fito da kanta, ƙafarta ɗaya cikin tarihin tunani ɗaya cikin lissafi.

Abin da ya fi koya mini darajar sanin tushen zato shi ne 2005, kai kana ƙarami lokacin. Damanar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa da fara, kuma lissafin da an ka fi dogara da shi mai sauƙi ne, ga abin da anka noma ga abin da ƙasa ke ci, a ɗebe a ga giɓi. Giɓin akwai shi amma bai kai girman wahalar da ta biyo baya ba, kuma wanda ya shiga kasuwa a watannin Yuni da Yuli ya ga hatsi jibge, kuɗɗin sayensa ne babu. Farashi a arewacin Najeriya ya hau don haka kayan da ke shigowa daga can sun ragu, wasu maƙwabta sun takura fitar da hatsi, makiyayi kuma ya samu kansa tsakanin wuta biyu, dabbarsa ta rame ta faɗi a kasuwa hatsi ya tashi, akuyar da a da take sayen buhu ta koma ba ta isa. Amartya Sen ya riga ya bayyana wanga abu tun 1981, ya yi nazarin yunwar Bengal ta 1943 da ta Habasha da ta Bangladash, har da tamu ta Sahel ta shekarun 1970, ya nuna ana iya mutuwa da yunwa abinci na cikin gari, tambayar ita ce mi mutum ya mallaka kuma nawa ne musayarsa da abinci. Shi ya samu kyautar Nobel a 1998. Wanda ya karanta Sen ba zai tsaya ga yawan tan ɗin da anka girbe ba, zai sa farashin tiya da na akuya da ladan yinin ƙwadago cikin model ɗinsa. Wanda bai karanta ba zai yi lissafi mai tsabta, ba kuskuren tarawa ko ɗebewa, amma abin da ya auna ba shi ke kashe yara ba.

Kuma kar ka ɗauka ƙasarmu ba a yin binciken da duniya ke karantawa a kanta. Jenny Aker ta jami'ar Tufts a Amurka ta yi amfani da farashin kasuwanninmu na hatsi, ta duba yadda salula ta riƙa isa kasuwa bayan kasuwa daga 2001 zuwa 2006, ta samu cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, aikin ya fito a 2010. Dubarar ita ce ba rana ɗaya layi ya iso ko'ina ba, sai ta kwatanta kasuwannin da ya iso da waɗanda bai iso ba. Ra'ayin da ke ƙasa kuwa tsoho ne, Hayek ya rubuta a 1945 cewa farashi hanyar isar da labari ce da ke warwatse a kawunan mutane. Dillalin da ya buga waya Maraɗi kafin ya ɗora kaya a mota shi ne ke tabbatar da maganar. Daga baya ita da Marcel Fafchamps sunka duba farashin da manomi ke samu, sai sunka ga sauƙin bai kai gare shi yadda ya kai ga ƴan kasuwa ba, wannan kuma ya kamata ya sa mai son Hayek ya ɗan rage murya.

Yanzu Black-Scholes ɗin da abokanka ke yi maka kwaɗayi. Abin da yake lissafawa ba baƙo ba ne. Ka ga rago wata biyu kafin layya, ka ba mai shi kafin alƙalami kunka yanke farashi, in raguna sun yi tsada ka cika ka ɗauka, in sun faɗi ka bar masa abin da ka ba shi ka sayi wani. Tambayar ita ce nawa ya dace kafin alƙalamin nan ya zama. A gefe guda, malamanmu na fiƙihu sun daɗe da tattauna irin wanga ciniki da ake barin kuɗɗin in an fasa, Malikiyya ba su yarda da shi ba Hanbaliyya sun halatta, in kana son ɓangaren kuɗɗin Musulunci ga ƙofa nan. Fischer Black da Myron Scholes da Robert Merton sun ba da amsar lissafi a 1973, a kan tushen da Louis Bachelier ya aza a Faransa tun 1900. Amsar kyakkyawa ce ƙwarai, ni har yau ina jin daɗin koyar da ita, amma ka duba sharuɗɗanta: ana iya saye da sayarwa kowane lokaci ba tsayawa, farashi na tafiya da ƙananan taku ba ya tsalle, girman kai-komonsa ba ya canzawa, kuma kowa na iya ranta da bada rance a kuɗin ruwa ɗaya. Scholes da Merton sun karɓi Nobel a 1997, a 1998 kamfanin zuba jari na LTCM da suke ciki ya yi asarar dala biliyan 4.6 cikin ƴan watanni bayan Rasha ta kasa biyan bashinta a watan Agusta, dalar Amurka fa ba dalarmu ta sefa biyar ba, sai da manyan bankuna sunka haɗa biliyan 3.6 don kar ya ja su duka. In farashi ya yi tsalle a kasuwar da ta fi kowace zurfi a duniya, ina ga tamu? Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019 ba ta buɗe ba sai Disambar 2020, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma CEDEAO ta ɗora wa Nijar takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 anka rufe iyakoki, naira ta zube bayan an sake ta a Yunin 2023. Wanda ke da wake ko albasa ko shanu a hanya ranar da irin wannan ya faru ba ƙaramin taku ya gani ba. Mu nan tsallen shi ne labarin, model ɗin da ya share shi ya share mu.

GARCH kuma, wanda Bollerslev ya fitar a 1986 bisa aikin Engle na 1982, kayan aiki ne mai kyau, yana kama yadda kwanakin hargitsi ke zuwa a jere kwanakin lafiya ma a jere. Abin da ke damuna shi ne kowace shekara sai na ga memuwar da ta ɗora shi kan hannayen jarin BRVM, kasuwar hannun jari ta Abijan, kasuwar da kamfanoninta ba su kai 50 ba, daga Nijar banki guda ne a ciki, kuma wasu hannayen jarin ana iya kwanaki ba a yi cinikinsu sosai ba. Farashin da bai motsa ba don ba wanda ya zo ba kwanciyar hankali ba ce, amma model ɗin haka zai karanta shi. In GARCH ɗin kake so ka kai shi inda ake ciniki kullum, canjin naira da sefa wurin ƴan canji na Ƙwanni, ko farashin albasa.

Ko a manyan lamurra haka ne. Model ɗin da aka rubuta don ƙasar da babban bankinta ke sakin kuɗɗinta yana hawa da sauka ba za ka kwafo shi ka liƙa wa Nijar ba, sefa ɗaure take da yuro a 655.957, BCEAO, babban bankin sefa, a Dakar tana yanke shawara ɗaya don ƙasashe 8. A Janairun 1994 anka karya darajarta da rabi dare ɗaya, daga sefa 50 zuwa 100 a farankin Faransa, lissafin da anka yi ya ce kayan da ake fitarwa za su samu kasuwa, kuma wasu sun samu kamar masu dabbobi, amma ma'aikaci mai albashi a gari ya ga magani da kayan waje sun yi tashin gwauron zabi. Muhawarar ko ɗaurin nan kariya ce ko takunkumi ba a Facebook ta fara ba, Joseph Tchundjang Pouemi na Kamaru ya yi littafi a kanta a 1980, Samir Amin ya yi shekaru a Dakar yana jayayya da masu cewa hanyar ci gaba ɗaya ce ga kowa. Ba dole ka yarda da su ba, ni ma akwai inda na rabu da su, amma ka san su kafin ka zaɓi ɓangare. Kuma tunda kana son tarihi kar ka fara daga littafin Adam Smith na 1776, Ibn Khaldun a 1377 ya riga ya rubuta cewa daula a farkonta haraji kaɗan take ɗorawa ta tara da yawa, a ƙarshenta ta ɗora da yawa ta tara kaɗan.

Batun alƙaluma, ba babu ba ne, neman su ne ke da wahala. SIMA na tara farashin kasuwannin amfanin gona shekara da shekaru, akwai na kasuwannin dabbobi, hukumar ƙididdiga ta ƙasa INS na da binciken gidaje na 2011 da 2014 da na 2018 zuwa 2019 wanda Bankin Duniya ke bari a sauke bayan rajista, AGRHYMET nan Yamai na da na ruwan sama, BCEAO na da na kuɗɗi a shafinta. Haɗarin da na fi ji maka shi ne wanda za ka tara da kanka. Wani ɗalibina ya taɓa aika yara su tambayo farashi a kasuwannin ƙauye, ya kawo mini tebur inda tiyar hatsi a wani gari 150 a wani 750, har ya rubuta shafi uku yana bayanin rashin haɗuwar kasuwanni da tsadar hanya. Da na kira ɗaya daga cikin yaran ashe mai kaya ya ce masa ɗari da hamsin shi kuma ya rubuta 150, alhali da dala ake ƙirga, sefa 750 kenan, ɗayan yaron kuma ya riga ya juya nasa zuwa sefa. Kasuwannin farashinsu ɗaya. Haka tiya, ta wanga gari ba ta wancan ba ce, wani ya tsotse ta wani ya tara har da hannu, buhun albasa ma akwai mai hula akwai marar hula, in ba ka tafi da sikeli ba ba ka san mi kake kwatantawa ba. Kuma wannan ba ciwon talakawa kaɗai ba ne, Reinhart da Rogoff na Harvard sun fitar a 2010 cewa ƙasar da bashinta ya wuce kashi 90 cikin 100 na arzikinta ci gabanta na durƙushewa, ƴan siyasa a Turai da Amurka sunka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihu, sai a 2013 wani ɗalibi kamarka mai suna Thomas Herndon ya nemi fayil ɗin Excel ɗinsu ya ga an tsallake ƙasashe 5 wajen lissafi tare da wasu matsalolin, da anka gyara lambar da ke ƙasa da sifili ta koma 2.2.

In ni ne kai ga abin da zan yi. In ɗauki albasa ko wake, in rubuta tambayar a layi biyu yadda Alhajin Galmi zai gane ta in an karanta masa, babin farko ya zama muhawarar Kaldor da Muth da waɗanda sunka biyo su, ba jerin sunaye da shekarun haihuwa ba, muhawarar kanta da abin da kowa ya zata. Sannan farashin wata-wata na shekaru 10 ko fiye a kasuwa uku ko huɗu, in zana shi in zauna in kalle shi sati guda kafin in taɓa manhajar lissafi irin su Stata ko R, in sa alama a kowane watan da anka rufe iyaka. Sai in je in zauna da masu rudu kamar 30 in tambaye su buhu nawa sunka zuba nawa sunka fitar, don wannan lambar ba ta cikin kwamfutar kowa. Lissafin ajiyar nan da na yi maka sama ka gina shi a Excel ka riƙa canza farashi da asara sau dubu ka ga sau nawa ake faɗuwa, shi ne kuma abin da za ka nuna ranar neman aiki, ma'aikacin bada lamuni ya fi buƙatarsa da Black-Scholes tunda bashin da ake bayarwa a kan kayan ajiya, wanda ake kira warantaj, kan irin wanga lissafi yake tsaye.

Amma ka fara kai wa malamin da zai duba aikinka ka ji ta bakinsa, kar ka je ka ce wani a Yamai ya ce. In ya yarda ka turo mini shafi biyu, tambayar da sunan kasuwannin da shekarun da ka samu alƙalumansu, zan duba bayan mun gama da takardun nan. A gaida mutanen gida.